Tambaya da Amsa: Mayar da Reshen Zane Cikin Babban Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Injiniya. Ni ɗalibin injiniyanci ne, mu uku muke zana injin sussukar masara a manhajar Onshape, da niyyar kai wa masu walda na Panteka su ƙera mana. Abokina ya ɓalle reshe daga babban aikin, wato kwafinsa da ake gyarawa a gefe, ya ƙara kaurin sandar da ke juyawa daga milimita 25 zuwa 30, ni kuma a babban aikin na sake zana mazaunin boris a jikin firam. Yanzu muna son haɗa su, amma muna tsoron aikin ɗayanmu ya shafe na ɗayan. Yaya za mu yi? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoron shafewa shi ne ƙaramin abin da ya kamata ya dame ku, domin Onshape, wadda kamfanin PTC ya saya a 2019, tana ajiye kowane mataki da kuka ɗauka a tarihin aikin, kuma ko haɗin ya ɓaci kuna iya komawa inda kuke kafin ku yi shi. Duk da haka, kafin ku taɓa komai, ku kafa ajiyayyen kwafi mai suna a babban aikin, ku kafa wani a reshen. Irin wannan kwafin ba ya canzawa bayan an kafa shi, saboda haka kowa zai san inda za a dawo ba tare da lalube cikin ɗaruruwan matakai ba.

Yadda haɗin ke gudana shi ne manhajar ta koma wurin da hanyoyin biyu suka rabu, ta duba abin da kowane ɓangare ya canza tun daga nan, sannan ta zuba canje-canjen ɗaya a cikin ɗayan. Wannan dabara ce da masu rubuta manhaja suka daɗe suna aiki da ita, kuma ita ce a cikin Git, manhajarsu ta adana canje-canje, da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. A Onshape, ɓangaren da ka buɗe shi ne yake karɓar canjin, wanda aka ɗauko daga gare shi kuwa yana nan yadda yake. Sanin wannan kaɗai ya isa ya hana ku yin haɗin ta baibai.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: manhajar matakan zane take haɗawa, ba ta san abin da kuke nufi da injin ba. Ɗauki naku aikin. Sanda mai kaurin milimita 25 tana shiga boris mai lamba 6205, wanda faɗinsa ta waje milimita 52 ne. Da abokinka ya mai da ita 30, sai dai boris 6206, shi kuma faɗinsa ta waje 62 ne. Idan kai ka zana mazaunin a kan 52, to shi ya taɓa sanda, kai ka taɓa firam, babu wanda ya taɓa abin ɗan'uwansa, don haka haɗin zai wuce lafiya ƙalau, babu jan rubutun da ke nuna kuskure ko ɗaya a jerin matakan. Amma injin da ya fito ba zai haɗu ba, kuma ba za ku gane ba sai mai walda ya riga ya yanka ƙarfe, kuɗin ɗalibai ya tafi. Ramin fulin da bel ke hawa ma zai buƙaci gyara, haka makullin da ke riƙe shi a kan sandar.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku fara da zuba reshen cikin babban aikin. Ku fara buɗe reshen, ku jawo babban aikin cikinsa, ta yadda duk wata ɓaraka za ta bayyana a can gefe, babban aikin yana nan da tsabtarsa. A nan za ku zauna ku biyu gaban kwamfuta ɗaya, ku bi jerin matakan daga sama har ƙasa. Matakin da ya yi ja galibi yana nufin ya jingina da wata fuska ko wani gefe da ɗayanku ya goge ko ya sake zanawa, gyaransa kuma shi ne a sake nuna masa abin da zai jingina da shi. Daga nan ku buɗe harhaɗaɗɗen injin, ku sa manhajar ta binciki inda sassa ke shiga jikin juna, ku tsaga zanen ta tsakiyar sandar ku auna da kanku, sannan ku duba takardun zanen da za ku miƙa a Panteka ko ma'aunansu sun bi canjin. Sai komai ya daidaita za ku koma babban aikin ku jawo reshen, ku kafa sabon kwafi mai suna da ke faɗin abin da aka yi.

Inda kuka canza abu ɗaya ku biyu, kamar a ce kowa ya ba tsawon sandar tasa lambar, kada ku bar wa manhajar hukunci. Ku yanke shawara da baki tukuna, mutum ɗaya ya shigar da lambar da aka amince da ita.

Nan gaba, ku ajiye kaurin sandar a matsayin ma'auni guda mai suna, wanda sandar da mazaunin boris da fuli duk za su riƙa karantawa daga gare shi, ku kuma daina barin reshe ya yi makonni a ware. Wanda kuma yake aiki da fayilolin wata manhajar zane mai suna SolidWorks a kan kwamfutarsa, wannan hanyar ba tasa ba ce, domin ko Git ba ya iya haɗa irin waɗannan fayilolin. Shi sai dai a yi karɓa-karɓa, mutum ɗaya ya riƙe fayil har ya gama kafin wani ya buɗe shi don gyara.