Filin Manoma: Yaushe Ne "Da Wuri" a Shukar Jarjir da Kuzbara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan, muna da ɗan fili rabin fadan (ma'aunin gona) a bakin kogi, duk shekara ganyayyakin ci irin su jarjir da kuzbara da shamar muke zubawa, amma wallahi in muka kai kasuwar Sinnar a watan 1 kowa ya kawo nashi, sai ka ga ana rabar da ƙulli kamar sadaka, ko kuɗin man injin ruwa ba ya fita. Wani ya ce in dinga shuka da wuri, dan Allah yaushe ne da wurin?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗana. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya ba ka. Kowa jira yake sanyi ya kama a watan 11 sannan ya zuba iri, shi yasa kayan ke haɗuwa a kasuwa lokaci ɗaya. Kai kuwa a watan 10, in kogi ya ja baya ka samu danshi da sabuwar laka a bakin gaɓa, to nan ne damarka.

Amma fa ba duka za ka zuba ba. Fara da jarjir, shi ne mai sauri, kwana 30 zuwa 40 ka fara yanka, kuma in ka bar gindin kamar yatsu biyu zai sake tohowa ka ƙara yanka sau biyu ko uku, sannan masu sayar da ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosai) ba sa rabuwa da shi, lokacin kuma babu shi da yawa, kai za ka faɗi kuɗinka. Zafi yana ƙara masa yaji, saboda haka kar ka bari ya ji ƙishi, ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai da yamma, kuma kar ganyen ya tsufa a gona.

Kuzbara ce mai rigima. Zafin watan 10 na nan yana haura digiri 35, ita kuwa in ta sha zafi sai ta miƙe ta fidda fure tun ba ta yi ganyen kirki ba, shikenan an yi asara. Ka jira ƙarshen watan, ka murje irin ya rabu biyu, ka jiƙa shi ya kwana, in ka shuka ka rufe da karan dawa ko ciyawa har ya tsiro. Shamar ma ta biyo bayanta. Ganyen ƙamshin nan bagadunis kam ni ban ba ka shawara ba, tsirowa kawai sai ya ci sati 2 zuwa 3.

Kuma kar ka cinye filin rana ɗaya. Fadan ƙirat 24 ne, kana da 12 kenan, ka dinga zuba ƙirat 2 duk bayan kwana 10, in zafi ya ƙone na farko na biyu na nan tafe. Tun kafin yanka ka je ka yi magana da masu gidan abinci biyu ko uku a Sinnar su san kana da kaya, ka yanka da asuba ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, don ganyen da ya yi yaushi ko shi kaɗai ne a kasuwa dillali sai ya karya masa farashi.