Da gaske akwai ƙarfin da aka kulle a cikin furosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, nan Damagaram. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mai tsohuwar furosesa Core i5 ta kamfanin Intel, ƙwaya 2 take nunawa. Wani mai gyara ya ce kamfani ya kulle wasu ƙwayoyi 2 a ciki, in na ba shi jaka 10 zai buɗe mini. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka. Maganar mai gyaran tana da tushe, amma ba ta shafi taka kwamfutar ba.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙwaya (core) kuma sashe ne a cikinta mai yin lissafi da kansa. A kan faifan silikon guda ake buga furosesa ɗaruruwa lokaci ɗaya, kuma ba duka ke fitowa lafiya ba. Wata za ta fito da ƙwaya ɗaya mai lahani, wata ba ta jure gudu sai ta yi zafi. Kamfani ba ya zubar da su. Abin da majema ke yi da fatar da ta huje shi yake yi: a yanke wajen ramin, a sayar da sauran da rahusa. Sai a kashe ƙwaya mai lahanin, a canza wa furosesar suna, a rage farashi. Furosesar PlayStation 3 tana da ƙananan ƙwayoyi 8, amma 7 ke aiki, an kashe ɗaya da gangan don kada a yi asarar waɗanda suka fito da tabo. MacBook Air mai furosesar M1 na 2020 ma akwai mai ƙwayar sarrafa hoto 7, akwai mai 8.

Wani lokacin kuma lafiyar sashen ƙalau, kasuwa ce ta sa aka kashe shi. In masu neman mai araha suka fi yawa, sai a ɗauko mai kyau a rage mata ƙarfi. A nan labarin buɗewa ya samo asali. A 2009 AMD, mai ƙera furosesa, ta fitar da Phenom II mai ƙwaya 2 da mai 3, waɗanda asalinsu masu 4 ne. Mutane suka gano cewa in aka kunna wani saiti mai suna ACC a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ƙwayoyin na farkawa. Wasu sun dace, wasu kuwa kwamfutar ta riƙa mutuwa tana tashi, don ƙwayar dama mai lahani ce. A 2010 Intel da kanta ta sayar da kati na dalar Amurka 50 wanda ke buɗe ƙarin ƙarfi a Pentium G6951. Mutane sun yi ta ƙorafi, ni ma ina ganin da gaskiyarsu, ka sayi abu a ce sai ka sake biya kafin ka mori abin da ke cikinsa. Ba a jima ba aka daina.

Kamfanonin sun koyi darasi. Yanzu akwai ƴan mitsi-mitsin fiyus a cikin furosesa da ake ƙonawa tun a masana'anta, kuma wanda ya ƙone ba manhajar da ke mayar da shi. Dubi AVX-512, wasu umarnin lissafi masu nauyi: a furosesar Intel zubi na 12 da ta fito a 2021 masu wayo sun riƙa kunna su ta BIOS, a 2022 kamfanin ya ƙone hanyar gaba ɗaya.

Taka kuwa ko kullen ma da wuya a samu. Core i5 na kwamfutar tafi-da-gidanka kafin zubi na 8, wato kafin 2017, akasarinsu da ƙwaya 2 aka ƙera su tun farko. Dabarar da wasu ke yi ita ce su shiga msconfig, wani shafin saiti a Windows, su zaɓi lamba 4 a wajen adadin furosesa, su nuna maka. Wannan 4 ɗin dama tana nan: kowace ƙwaya tana karɓar layin aiki biyu, abin da Intel ke kira Hyper-Threading. Buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna aikin furosesa, yanzu, kafin kowa ya taɓa ta, za ka gan ta.

Abin da ake iya kunnawa kyauta ne. VT-x, wanda ke ba ka damar tayar da Linux ko Android a cikin Windows, sau da yawa a kashe yake zuwa, a BIOS ake kunna shi cikin minti biyu. In ana maganar ɓoyayyen abu na gaske kuma, akwai Management Engine, wata ƙaramar kwamfuta da Intel ke sakawa tun wajen 2008, mai tsarin aikinta daban. A 2017 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta Positive Technologies suka gano makunnin da ke kashe yawancin aikinta. Ba ta ƙara gudu, kuma taɓa ta na iya hana kwamfuta tashi.

Ƙarfin da ya ɓace maka a Zinder, zafi da ƙura ne suka tafi da shi. Furosesa in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma a watan Afrilu da Mayu, da fanka cike da ƙurar hunturu, ba ta daɗewa take kai wa can. Ka sa a buɗe ta a share fankar, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ka daina ɗora ta a kan katifa. In faifanta na ajiya tsoho ne mai juyawa, ka ƙara wani abu a kan jaka 10 ɗin ka sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri.