Tambaya da Amsa: Injin niƙan da ruwan kogi ke juyawa

Tambaya: Malam, ina karatu a Kambirij, Ingila. An ce akwai tsohon gidan niƙa a ƙauyen Houghton da ruwa ke tuƙa shi, ba gas ba lantarki. Me zan duba idan na je? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, wurin ya cancanci zuwa. Yana kan kogin Great Ouse, tsakanin Huntingdon da St Ives, ƙarƙashin kulawar National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila. An daina niƙan kasuwa a cikinsa a wajajen 1930, daga baya aka gyara shi. Ba kullum ake niƙa ba, don haka ki tabbatar da ranar kafin ki tashi.

Fara daga ƙasa. Ana ɗaga ƙyauren da ke tare ruwa, ruwan ya tura ƙaton wili, shi kuma ya juya giyoyi masu haƙora. Wilin a hankali yake tafiya, giyoyin ne ke ninka gudun har dutse ya riƙa zagaye kusan 120 a minti. Ki lura, haƙoran wasu giyoyin na katako ne. Da gangan aka yi: in wani abu ya cije, haƙori ɗaya ne zai karye, a sauya shi da araha.

A sama za ki ga duwatsu biyu, tamkar uwa da ɗan dutse na gidajenmu, sai dai irin waɗannan faɗinsu kan kai ƙafa 4, nauyin kowanne wajen tan guda. Na ƙasa a kafe yake, na sama ke juyawa, kuma ba sa taɓa juna. Layukan da aka sassaƙa a fuskarsu ne ke yanka alkama kamar almakashi, su kora garin zuwa baki. In tazarar ta yi yawa tsaki ne zai fito, in ta matse gari ya yi zafi ya lalace. Shi ya sa mai niƙa ke yawan murza gari tsakanin yatsunsa.

Babban haɗari shi ne hatsi ya ƙare dutse na gudu. Duwatsun za su gogi juna su yi tartsatsi, ƙurar gari kuwa tana kamawa da wuta. Don haka gidajen niƙa da yawa ke ɗaura ƙararrawa da ke kaɗawa in mazubin ya kusa ƙarewa. Alkama mai danshi ma matsala ce, tana liƙe layukan dutsen.

Kada ki je bayan ruwan sama mai yawa. In kogi ya cika, ruwan bayan wilin kan danne shi ya kasa juyawa. Ki sa takalmi marar tsini, matakalan a tsaye suke.