Kafin maganar fatent, ina littafin gwajinka?

Wani ɗan kasuwa ya turo cewa ya haɗa wani dunƙule da ake ratayawa cikin sokawe ko bututun ruwan wanke-wanke, yana narkewa a hankali yana sakin bakteriya masu cinye maiƙo. Wai zai zuba rabin jarinsa a yi masa fatent, wato rajistar haƙƙin ƙirƙira da ke hana wasu kwaikwayonsa, don ya ji kamfanoni na saye da kuɗi masu kauri.

Malam ajiye zancen kamfanoni tukuna. Na bi saƙonka kaf ban ga inda ka faɗi kwana nawa dunƙulen ke yi a ruwa ba, sai dai "yana aiki sosai", to wa ya auna, a ina ka rubuta? Matsalarka kenan, ba ka da rikodi.

Bakteriyar nan ba taka ba ce, irin su Bacillus subtilis ana sayar da garinsu ga duk mai so. Abin da kai za ka sayar shi ne lokaci, wato abu ya riƙa fita kaɗan-kaɗan har ranar da ka yi alkawari. Dubi dunƙulen Bti, wata bakteriya mai kashe tsutsar sauro a ruwa, kwana 30 ake rubutawa a kwalinsa kuma kwana 30 ɗin nan mutane ke biya wa kuɗi.

Na san wani da ya yi irin naka, a bokitin ruwan sanyi ya gwada ya ga ya kai wata, ya kai wa masu otal katan-katan, ashe bututun kicin ruwan zafi ke bi ga sabulu ga bilic, kafin sati ya cika ragar da aka rataya dunƙulen a ciki kawai ta rage tana reto. Aka dawo masa da kaya, da suka tambaye shi sakamakon gwaji ko takarda ɗaya bai da ita, kuma shi kansa bai tuna awon da ya zuba a haɗin farko ba balle ya gyara. Jarin ya tafi.

Sayi sikeli ƙarami da littafi. Kowane haɗi ka ba shi lamba, ka rubuta awon komai, ka saka a ruwan sanyi da mai ɗumi da mai gudu, duk sati ka auna nauyin da ya rage. Ka kai lab su ƙirga maka ƙwayoyin da ke raye ranar haɗi, da bayan wata 3 da wata 6 a ajiye, don kaya na iya mutuwa a kan kantar shago ba ka sani ba.

Shi fatent shekara 20 yake yi, a ƙasar da ka yi rajista kawai yake kare ka, ga kuɗin sabuntawa, kuma dabarar dunƙule mai narkewa tsohuwa ce, ba za a ba ka fatent ba sai in alkalumanka sun nuna wani abu sabo. Kar ka ɗora bidiyon haɗin a Facebook, a Turai bayyana shi kafin rajista na kashe haƙƙin. Kashi 10 cikin 100 na jarinka ya isa gwajin nan, ka turo min alkaluman bayan wata 6 mu duba.