Amsa: Lakcar ƙarfe 8 daga Hotoro

Ƙanena, ka ce kullum lakcar ƙarfe 8 tana wuce ka tunda daga Hotoro kake zuwa BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano. Ai dole, gari guda kake ratsawa. Ka fito da an idar da sallar asuba, kafin cunkoson Kabuga ya kankama, don daga nan ma akwai sauran tafiya zuwa sabon mazaunin jami'ar a titin Gwarzo. In da hali, ku haɗa kuɗi da wani ku kama ɗaki a Rijiyar Zaki.

Kada kuma ka biye wa masu cewa ajin farko na shan iska ne. Makinsa yana cikin CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na duk shekarun karatu, har ka gama. Ka karɓi lambar shugaban ajinku, shi ke sanar da ranar gwaji.