Tambayarku, Amsarmu: Na gaji da littafin soyayya

Tambaya: Salam Yaya. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, unguwar Zariya. Wallahi na gaji da littattafan soyayya, kullum kishiya, kullum uwar miji. Ina son labarin da za a yi kisa ko sata a yi ta neman wanda ya yi, sannan wani littafi mai amfani a gida don ni ce babba, ƙannena 4. Ina karanta faransanci.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda lakwal ta ba ki faransanci ai kin huta, don gaskiya irin wannan labarin na bincike bai yi yawa da hausa ba, marubutanmu sun fi ƙarfi wajen soyayya da rikicin gida.

Fara da Moussa Konaté, mutumin Mali ne, ya rasu a 2013. Yana da wani kwamishinan ƴan sanda, Habib, da mataimakinsa Sosso, kuma wanda na fi so cikin labaransu shi ne L'Empreinte du renard na 2006. Ana ta mutuwar samari a ƙasar Dogon, aka turo Habib daga Bamako, ya zo da iliminsa na boko ya tarar da gari kowa ya ja bakinsa ya yi gum, tsofaffi kuma sun fi yarda da sawun yanyawa da masu duba ke karantawa a kan rairayi. Abin da ya sa na ce ki fara da shi, za ki gane mutanen. Wannan shirun da ake yi wa baƙo mai kaki, mun san shi, je ki wani ƙauye wajen Madarunfa ki tambayi wa ya saci akuya ki gani.

Bayan shi sai Agatha Christie ta Ingila. Nemi Ils étaient dix, ya fito tun 1939, an canja masa suna a faransanci a 2020 don haka tsohon kwafi zai zo da wani suna daban, kar ki rikice. Mutum 10 aka gayyata wani tsibiri, ba hanyar fita, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya kuma mai kisan yana cikinsu. Ni dai ranar da na karanta shi wuta ta ɗauke, da fitilar salula na ƙarasa har aka kira asalatu, kuma wanda na zarga tun farko ba shi ba ne, na ji haushi sosai. Dan Allah kar ki leƙa shafin ƙarshe.

Labaran kwamishinan ƴan sanda Maigret na Georges Simenon ma akwai, har littafi 75, amma yana da sanyin tafiya, bar shi sai gaba.

Na gida kuwa guda ɗaya zan ce, Là où il n'y a pas de docteur na David Werner. Asalinsa da sifaniyanci aka rubuta shi don ƙauyukan Meziko, daga baya aka yi na Afirka a Dakar. Cike yake da zane, yana nuna miki yadda za ki gane yaro mai zawo ya fara bushewa, ki ɗan tsunkuli fatar cikinsa ki saki, in ba ta koma da sauri ba ko maɗigar jariri ta faɗa to ba lokacin jira ba ne, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari ku kama hanyar likita. Da damina in masassara ta yi yawa za ki gode masa. Amma fa kar ki ce kin zama dokta ki fara rubuta wa maƙwabta magani, bugun da za ki samu wataƙila tsoho ne, magungunan zazzaɓin sauro sun canja tun lokacin.

Wajen samu, duba masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a babbar kasuwa, ki tambayi ƴan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ma, suna yawo da su a waya. In mai littafi ya ce jaka 3, ki fara tayi daga jaka guda.