Wane inji zan saka wa Starlet ɗina?

Ɗan'uwa, ka ce Starlet ɗinka mai injin 4E-FE tana wahala a hawan dutsen Ngaoundéré idan ka taso daga Garoua, a arewacin Kamaru, da kaya, kana tunanin saka mata turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi.

Ni dai 5E-FE zan ce ka nema, na Toyota Tercel ko Paseo. Gida ɗaya suke da naka, sai dai naka cc 1331 ne, shi kuwa cc 1497. Yakan zauna a mazaunin tsohon ba tare da yanke-yanke ba, giyabos ɗinka ma yakan karɓe shi. Ƙarfin ja kake buƙata a hawa, kuma shi zai ba ka.

4E-FTE mai turbo ya fi gudu, babu musu. Amma yana son mai mai kyau, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Zua-zua kuwa, wato fetur na bakin titi, wani lokacin gauraye yake, zai iya ƙona maka fistan.

Kada ka sayi inji tsirara. A haɗo maka da kwamfutarsa da wayoyinsa, bakanike ya gwada matsin silinda kafin ka biya. Ka sabunta lagireto da birki, sannan ka tambayi ofishin sufuri kan gyaran takardar mota.